Tafintan da Ya Ƙaryata Fim

Nasrullahi ya riga ya ɓamɓare takarda biyu daga bango lokacin da Tanimu ya ɗaga labulen ɗakin. Yana tsaye bisa turmin da ya kifa, da wuƙar yankan albasa a hannu, yana cusa bakinta ƙarƙashin ta uku. Ubansa Muktari yana kwance kan katifa a ƙasa, ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu sun yi dam. Komai na jikinsa ya gaji ban da baki.

"Taɓa wagga ka gani," in ji shi. "In tashi in ɓalle maka hannun."

Kowa a ɗakin ya san ba zai iya tashi ko don fitsari ba sai an kama shi. Amma Nasrullahi ya tsaya, ya juyo wajen Tanimu yana neman mai goya masa baya. Ya ce ba rashin kunya yake yi ba. Likita ya ce a maida tsoho gida, kowa kuma ya san abin da wannan ke nufi. Liman ya faɗa masa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hotuna. Shi dai ba zai zauna ya ga mutuwa ta iske ubansa tsakanin waɗannan mutane masu matsattsun wanduna suna tashi sama ba.

A ransa Tanimu ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Bango huɗu na ɗakin a lulluɓe suke da shafukan littattafan zane, an liƙe su da ƙaro, sun yi ja saboda tsufa. Shi kansa ya sha cewa ɗakin ya fi kama da na mahaukaci. Duk da haka ya ce wa yaron ya sauko tukuna, ba a tsayawa saman uba da wuƙa ko da Aljanna ake nema masa.

Muktari ya jira har numfashinsa ya daidaita.

"Ku bar su har in ji ƙarshen labarin. Ranar da na ji, da bakina zan ce a hidda su." Ya juyo da idanunsa da suka yi rawaya. "Mai faci, kai za ka bido mini shi."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Tawa, kuma rabin rayuwarsu gardama ce. Tanimu facin taya yake yi a bakin tasha. Muktari kuwa Tafinta ake ce masa, ko da yake rabonsa da aikin ya yi shekaru. A da shi ke riƙe lasifika a wani gidan kallo mai shingen zana, inda ƴan kabu-kabu da ƴan ga-ruwa da makiyayan da suka sauko kasuwar Lahadi ke cika benci. Fim na magana da Faransanci, shi yana juya shi zuwa Hausa nan take. Kuma ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. In ya hango fataken Maradi a zaune sai ya ba mugun cikin fim ɗin bakin Gobirawa, gida ya kwashe da dariya, fataken su yi ta zaginsa suna saya masa shayi.

Faransancin ba a lakwal, makarantar boko, ya same shi ba, don bai daɗe a can ba. A Abijan ya same shi, lokacin da ya je bida, neman kuɗi, yana saurayi tare da ƙanensa Issouf. Yana tura amalanke da rana, in ya huta ya sayi tsoffin littattafan zane da ake shimfiɗawa a bakin hanya, ya yi ta haɗa baƙi da hoto har ya gane. Cikin dukan jaruman da ke ciki ɗaya ne ya shiga ransa, wanda mutanen Tawa daga baya suka laƙaba wa Jan Ƙyalle, don sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshensu. A littafi, in ji Muktari, gajere ne mummuna, ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Wata rana gada ta karye, ga mota cike da mutane a hannunsa ɗaya, ga ƙanensa a ɗaya hannun, ƙarfinsa bai kai duka biyun ba, sai ya saki ƙanen. Abin da ya rage masa shi ne guntun jar rigar yaron, shi ne yake ɗaurawa a wuya. Littafi na ƙarshe da Muktari ya saya ya tsaya ne a nan, jarumin na tsaye bakin gada yana kallon ruwa. Kafin na gaba ya fito rikici ya ɓarke a Abijan, aka shiga farautar baƙi. Muktari ya dawo cikin wata babbar mota da mutanen yankinsu na Adar suka cika, da akwatin littattafansa, ba tare da Issouf ba. Ya ce yaron ya rasu a rikicin, aka yi addu'a a garinsu Kalfu, bai sake ɗaga maganar ba.

Da finafinan jaruman nan suka fara zuwa, sai Tafinta ya lalace. Maimakon ya faɗi abin da ake faɗa a tele, sai ya riƙa gyara wa fim zance. Ya ce wannan dogon kyakkyawan ba haka yake ba. Ya ce ƙyallen ba budurwa ta ba shi ba, ƙarya ne. Mutane suka yi ta haƙuri saboda daɗin bakinsa, har ranar da aka kawo ƙarshen fim ɗin Jan Ƙyalle, ƙanen da ya faɗa ruwa ya fito da ransa, suka rungumi juna, kiɗa ya tashi. Gida ya yi tsit, wasu tsofaffi har suna share ido. Sai muryar Muktari ta fito a lasifika.

"Jama'a, wanga ba ƙanenai ba na. Ƙanenai ya mutu. Wanda ya mutu ba shi dawowa. Ku tashi ku tahi gida, an cuce ku."

Tanimu ne ya fara miƙewa ya ce ga mutum muna gani da idonmu, wane irin mutuwa? Jifan Tafinta da takalma ya biyo baya. Mai gidan kallo ya karɓe lasifikarsa, bai sake miƙa ta ba. Ko da ya so maida shi ma, ba a jima ba finafinai suka fara zuwa a katin waya da fassararsu daga Kano, kowa na kallo a wayarsa, sana'ar tafinta ta bi ruwa. Muktari ya koma sayar da goro da sigari a kan ɗan tebur kusa da rumfar Tanimu, kuma duk ranar da ciniki ya yi sanyi sai su ɗauko gardamar daga inda suka ajiye ta. Tanimu ya ce abin da ido ya gani shi ne labari. Muktari ya ce littafi shi ne uwa, fim agola ne, kuma masu littafin mutane ne masu mutunci da suka san mutuwa ba wasan yara ba ce. Da gara ta shiga akwatin ta cinye rabi, ya kwashe ragowar ya liƙe a bango.

Abin da ya ɗaure wa Tanimu kai a hanyarsa ta zuwa tasha shi ne, ba yau aka fara yi wa Tafinta tayin ƙarshen nan ba. Aghali mai cajin waya ya taɓa cewa zai duba masa, Muktari ya kore shi, ya ce shi ya san ƙarshen, ba sai waya ta faɗa masa ba. Yanzu kuma da bakinsa yake roƙo.

Aghali mutumin Takanamat ne, ya yi karatu mai ɗan zurfi kafin ya buɗe rumfar caji da tura finafinai. Rana ta bazara ta take tsaka, an ɗauke wuta, yana zaune cikin wayoyin mutane yana fifita da kwali, rawaninsa a sassauce. Da ya ji buƙatar ya fara zuba wa Tanimu shayi, sannan ya shiga latse-latse. Ya daɗe. Can ya yi dariya, ya dubi fuskar Tanimu, ya haɗiye sauran dariyar.

Ya ce ai labarin bai ma ƙare ba, har gobe ana buga shi. Amma maganar ƙanen, an gama ta tuntuni. A littafin da ya biyo bayan wanda Tafinta ya tsaya, masunta suka tsamo yaron can ƙasa da gada, da ransa, sai dai ya manta sunansa. Daga baya ya tuna, ya nemo wansa. Bayan wasu shekaru masu littafin suka sake kashe shi, suka sake dawo da shi. Masu fim ba su ƙirƙiri komai ba a wannan wajen, littafi suka bi sau da ƙafa. Ya juyo wayar, Tanimu ya matso da ido, ya ga zane irin na bangon Muktari sak, gajeren mutumin nan mummuna rungume da wani siririn saurayi.

"Baba, ashe kai ke da gaskiya tun farko," in ji Aghali.

Shekara da shekaru Tanimu ke jiran wani ya faɗi wannan magana. Ya taɓa rayawa a ransa ranar da ta tabbata zai tara ƴan tasha ya sa Tafinta ya maimaita a gabansu. Yanzu ga ta an ba shi a kan kofin shayi, kuma ji ya yi kamar ya tauna tsakuwa cikin tuwo. Ya zagi masu littafin, ya haɗa da iyayensu. Ya ce mutum ya zubar da sana'arsa yana tare musu faɗa, ashe su tun can sun sayar da gawar sun ci kuɗin. Aghali ya ce ko ya tura masa hoton ya kai wa tsoho? Tanimu ya ce ya riƙe abinsa.

Ya yi sallar la'asar a masallacin tasha, ya zauna bayan kowa ya watse yana ɗinka ƙarya. Bai saba ba. Mutum ne da in tayarka ta mutu zai ce maka ta mutu, ko da hakan na nufin ba zai samu aikin faci ba. Ya ɗinka ya warware, ya sake ɗinkawa, har ya samu wadda yake ganin za ta riƙe iska.

A tsakar gida ya iske Sa'adiyya matar Muktari tana wanke wake na ƙosan gobe. Ita ke riƙe da gidan da kaskonta tun ranar da mijinta ya yi faɗa da tele. Ta dube shi sau ɗaya ta maida kai ga kwanonta, ta ce ba ta so ta sani. Ta ce ko jarumin ya mutu ko ya yi aure, ita ba ruwanta.

"Ka hwaɗa mishi abin da zai sa ya bari a hidda takardun nan, Malam Tanimu. Yaron nan ba shi barci. Ni kuma na gaji."

Nasrullahi na zaune bakin ƙofar ɗakin da carbi. Ya matsa ya ba shi hanya.

Ɗakin na warin magani da zufa. Muktari ya ƙara faɗawa tun safe, idanun sun zurma. Tanimu ya zauna kan turmin, ya yi gyaran murya, ya ce to, Tafinta, ka ci gari. Ya ce Aghali ya duba, ya karanta masa tun daga farko har ƙarshe. Ƙanen bai dawo ba. Jan Ƙyalle ya ci gaba da ceton mutane har ya tsufa, bai yi aure ba, bai ƙara dariya ba. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya tafi kabarin ƙanen, ya kwance ƙyallen daga wuyansa, ya ɗaura a kan dutsen kabarin, ya zauna nan har rai ya yi halinsa. Ya ce masu fim ɓarayi ne, ya yarda, a rubuta ya yarda.

Shi kansa ya ji daɗin yadda ta fito. Har ya ga kamar bakin Muktari ya motsa zai yi murmushi.

"Wane kabari?" in ji Muktari.

Tanimu ya ce kabarin ƙanen mana.

"Ba shi da kabari. Ruwa ya tahi da shi. An yi ta nema ba a ga gawa ba." Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna wani shafi kusa da taga. "Ga su can da hitilu suna nema."

Tanimu ya ce to wataƙila daga baya aka gani, shi bai riƙe komai da komai ba, Aghali na karatu da sauri. Muktari bai ma saurare shi ba. Idonsa na kan shafin nan, ya daɗe a kai, leɓunansa na motsi.

"Ba a ga gawa ba," ya sake cewa a hankali. Sannan ya juyo. "Mai faci, ko taya ba ka iya ɓoye wa huji ba. Ya dawo ko?"

Tanimu ya dubi ƙofa, ya dubi ƙafafunsa. Ya ce ya dawo.

"A littahi?"

"A littahi. Na gaba da naka."

Ya zaci zagi zai biyo baya, ko musu, ko a ce waya maƙaryaciya ce. Da ya samu haka da ya ji sauƙi. Muktari sai ya rufe ido. Wata mota ta wuce a titi tana tallar magani da lasifika, suka saurare ta har ta yi nisa.

"Ni ma ban ga gawar Issouf ba," in ji Muktari, idonsa a rufe. "Wani Bagobiri mai sayar da agogo ya ce mini ya ga an sare shi ya hwaɗi. Mota na shirin tashi. Anka ce in hau ko a bar ni. Na hau."

Tanimu ya buɗe baki ya ce ai da yana da rai da ya nemo gida, shekara nawa, hanyar Kalfu ba ɓoyayya ba ce. Ya ce rai na Allah ne. Ya faɗi duk abin da ake faɗa. Muktari ya bar shi ya gama, kamar yadda ake barin mai talla ya gama kirarin hajar da ba za a saya ba.

"Kira mini yaron nan."

Nasrullahi ya shigo ya durƙusa. Uban ya ce ya hidda su duka. Yaron ya tsaya yana kallon Tanimu, don bai yi zaton abin zai zo da sauƙi haka ba, kuma sauƙin ya ba shi tsoro. Ya tambayi uban ko a adana masa su cikin buhu.

"Ka kai inda kaka so."

Tanimu ya tashi daga turmin ya ba yaron. Ƙaron ya kama bango da kyau, kowane shafi sai ya taho da ɓawon ƙasa, wasu suka yage biyu. Nasrullahi na yi yana satar kallon ubansa, yana jiran a tsawata masa ko sau ɗaya. Muktari ya juya fuskarsa gefen da aka riga aka kankare.

Bai sake wata doguwar magana ba bayan wannan. Ana ba shi kunu ya kurɓa, ana yi masa sannu ya ɗaga yatsa. Tanimu ya riƙa shigowa da safe kafin ya tafi rumfa, yana ƙoƙarin tsokanarsa. Ya ce masa gajeren jarumin nasa ko buhun gero ba zai iya ɗagawa ba. Ya ce dogon na fim ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. A da rabin wannan ya isa a kwana ana hayaniya. Yanzu Muktari sai ya dube shi kawai, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya yi kuskuren gida.

Bai kai Juma'a ba. Da hantsi Muktari ya cika, Sa'adiyya na bakin titi da kaskonta, Nasrullahi na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Yaron ya ce uban ya karɓa, kuma ya yi ta maimaita wa duk wanda ya zo cewa ɗakin tsaf yake lokacin da rai ya fita. Tanimu bai musa masa ba. Shi ya kama ƙafar makara ta hagu har maƙabarta, bai yarda an canje shi ba.

Wajen zaman makoki, a inuwar katangar da ta raba gidajen, mutane suka yi ta tuna Tafinta. Wani tsohon ɗan kabu-kabu ya ba da labarin ranar takalman, ya ƙara gishiri, ya ce har tele ɗin Muktari ya mara. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka ce Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ban dariya. Wani ya juyo ya tambayi Tanimu, tun da shi ne abokin gardamar, a ƙarshe wa ya ci? Tanimu ya ce masa ya sha ruwansa ya ba na kusa da shi moɗa.

Da aka tashi sallar azahar bai bi su nan take ba, ya zaga bayan gidan ya yi alwala. A nan Nasrullahi ya jingine buhun, bakinsa a buɗe. Wata akuyar maƙwabta ta tura kai ciki, ta jawo shafi guda tana lasar ƙaron da ke bayansa, sannan ta fara taunawa daga gefe. Tanimu ya sunkuya ya ɗauki dutse. Akuyar ta ɗago ta dube shi, takardar na lilo a bakinta, ta ci gaba da tauna. Ya tsaya da dutsen a hannu, ruwan alwala na bushewa a fuskarsa, har aka tada iƙama.